Ranar da Na Kwaɓe Gatarin Baba

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a gindin katanga ina tsince wake, sai na ji ana faskare a gidan maƙwabta. Ban ga mai yi ba, bango ne a tsakaninmu. Amma kunnena ya gaya mini mai riƙe da gatarin nan ƙarfi kawai yake zubawa, bai tsaya ya dubi itacen ba. Dum, dum, kamar ana dukan buhun gero. Na yi haƙuri, na yi haƙuri, da abin ya ishe ni na ɗaga murya na ce, "Kai mai faskare, juya gungumen nan, nemi inda rana ta fara tsaga shi!" Sai na ji dariya daga can, ya ce, "Hajiya, ta cikin bango kike gani?" Jim kaɗan na ji ƙarar da nake jira, tsas, itace ya buɗe. Ni kuwa waken nan ban ƙara tsince ko ƙwaya ɗaya ba, don ƙarar ta ɗauke ni ta kai ni gidanmu, gaban Baba.

Mu mutanen wani ƙauye ne tsakanin Kibiya da Fassi. Mahaifina manomi ne kamar kowa, amma da an kai amfanin gona rumbu, rani ya shiga, sai ya koma mai gatari. Gajere ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba. 'Ya'yan da aka haifa kafin ni duk sun koma, ni ce na fara zama. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba har ya bar duniya, sai dai ya ce "Uwata". Ƙanena namiji kuwa sai da na kusa shekara goma aka haife shi. To, kun ji dalilin da ya sa 'ya mace ta tashi tana bin bayan mai gatari daji. Inna takan kama tafin hannuna ta juya shi ta ce, "Malam, dubi kantar da ka sa wa yarinya." Shi kuma ya ce, "Ai ba ta yi kuka ba." Gaskiya ne, ban taɓa yi ba. Ni da kuke gani, ina 'yar shekara goma sha biyu babu sa'ana namiji a ƙauyen nan da zai tsaya kusa da ni a kan gungume, kuma waɗanda suka rage da rai a cikinsu ba za su ƙaryata ni ba.

Baba ba ya sayen gatarin da aka riga aka sa wa ƙota. Ruwan daban, wato ƙarfen, ƙota daban. Idan zai sake ruwan gatari, sammako muke yi mu nufi Rano da jaki, duwatsun garin suna ta girma a gabanmu har mu shiga ƙarƙashinsu. Akwai wani maƙeri a bakin kasuwa, dogo, mai ƙonannen gemu, abokin wasan Baba ne. Zai zube masa ruwan gatari biyar ko shida a ƙasa. Baba ya tsuguna, ya ɗaure kowanne da zare ya rataye shi a yatsa, ya ƙwanƙwasa da guntun ƙarfe, ya kai kunne. Wanda ƙararsa ta yi tsawo, ta tafi a hankali kamar ba ta son ƙarewa, wannan lafiyayye ne. Wanda ya ce ƙwas ya yi shiru, akwai tsaga a cikinsa da ido ba ya gani, ranar da ya gamu da itace mai tauri zai ɓare. Wata rana maƙerin ya gaji da jira ya ce, "Malam, gatari kake zaɓe ko amarya?" Baba bai ɗago kai ba ya ce, "Amarya in ta yi fushi gidansu take nufa. Wannan in ya yi fushi ƙafata yake nufa." Aka kwashe da dariya har mai zuga-zugi ya saki aikinsa. Sannan Baba ya miƙo mini zaren ya ce, "Uwata, ke me kika ji?" Na zaɓi ɗaya. Shi ya ɗauka, bai ƙara gwada wani ba. Ran nan a hanyar komawa ƙafata ba ta san ƙasa ba.

Ƙota ita ce ta fi cin lokaci. Marke yake nema, daidai inda reshe ya rabu da uwarsa, wurin da itacen ya yi kai kamar dunƙulen hannu, don a nan jijiyoyinsa suka sarƙe, ba ya tsagewa. Ya sare shi, ya auna daga hammatarsa zuwa tafin hannu, ya soke shi a jinkar madafi inda hayaƙin Inna zai riƙa bi ta kansa rani guda cur. Sai ya bushe ya yi baƙi, sannan a koma wurin maƙeri, a gasa wutsiyar ruwan ta yi ja, a huda kan ƙotar da ita. Har yau in na ji ƙaurin itacen da ƙarfe ya ƙona, maƙerar nan nake gani. Daga nan kuma ƙota sai ta fara koyon mai ita. Gumi ya shige ta, ta yi sulɓi, ta lotsa a inda yatsu suke zama. Ta Baba in ka riƙe ta za ka ji gurbin babban yatsansa, ko a cikin ƙotoci ashirin aka jefa ta zan ɗauko muku ita ido rufe.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai babban gatarin, na kayar da bushasshiyar bishiya da faskare. Akwai 'yar tsitaka mai gajeriyar ƙota, ta datse rassa da ƙirare. Idan kuma gungume ya yi taurin kai, irin mai gaɓa a kan gaɓa, ba ya wahalar da gatarinsa a banza. Sai ya kafa wani ƙarfe mai kauri a bakin tsagar, ya bi shi da guduma ta itace mai nauyin yaro, har gungumen ya haƙura. Ya koya mini in ware ƙafafu, in bar nauyin gatari ya faɗi da kansa. Ya hana ni tsayawa a gaban mai sara ko a bayansa, sai a gefe, don da rani ƙota takan bushe ta saki ruwan, ya tashi kamar tsuntsu. Shi ya sa kullum kafin mu fita yakan tsoma kan gatarin a cikin kwatarniyar ruwa, itacen ya sha ya kumbura ya riƙe. Ɗorawa mai rai, kaɗanya mai rai, tsamiya mai rai, bai taɓa ɗaga musu hannu ba. Yakan ce abin da yake ciyar da kai ba a dafa tuwo da shi. Mukan dawo da yamma, ni da ɗan damin itacena a kan gammo, jaki da nasa, jikinmu duk ƙamshin marke.

Amma ba itacen girki ne ya sa aka san Baba ba. Itacen kabari ne.

Ni mace ce, ban taɓa leƙa kabari ba, shi ya bayyana mini yadda yake. A haƙa babba, a haƙa ƙarami a cikinsa, a kwantar da mamaci a ƙaramin, a jera itace a kansa gicciye, a toshe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura sauran. Itacen nan shi ne rufin ɗakin mutum na ƙarshe. Idan ɗanye ne mai laushi, damina ɗaya gara ta cinye shi, ƙasa ta rufta a kan bawan Allah. Saboda haka Baba ƙirya yake nema, itacen da gara take wucewa ta gefensa, mai jan ciki, mai taurin da yake mayar da gatari baya. Duk rani sai ya nemi matacciyar ƙirya, ya kayar, ya datse kamu bibbiyu, ya faskara, ya jera a bayan rumbu a kan duwatsu. Da an ji salati ya tashi a wani gida, kafin mata su gama taruwa, Baba ya ɗora wa jaki ya yi maƙabarta. Ba ya karɓar komai, ko goro. Bai iya doguwar gaisuwar mutuwa ba, in ya shiga zaure sai ya rasa abin faɗa. Itacen nan shi ne ta'aziyyarsa, kuma kowa ya sani.

Akwai wata ƙanwata da ta zo bayan ƙanena, ta yi wata bakwai. Cikin marka zazzaɓi ya ɗauke ta da safe, ana yayyafi. Baba ya zagaya bayan rumbu, na bi shi. Ya zaro itace uku daga cikin jerin, ya ce in dafe masa bakin. Ya raba kowanne biyu, don na manya ne, sun yi mata tsawo. Sara shida ya yi, na ƙirga. Da ya gama ya tattara guntayen a hannu ɗaya, ko jaki bai nema ba. Inna tana ƙofar ɗaki, da ta ga ƙanƙantarsu sai ta juya fuskarta bango. A ranar na gane abin da muke yi a daji duk ranin nan.

Shekaru suka tafi. Na yi aure wajen Tarai, na haifi nawa, na aurar da su. Inna ta rasu, Baba ya rufe ta da ƙiryar da ya fi so a cikin jerin. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano maigidana ya cika, da na fita takaba sai na ce gidanmu zan koma, don tsohon nan ba shi da mai ba shi ruwan alwala. Ƙanena ya daɗe da komawa cikin Rano da iyalinsa. Mulkin farar hula ya dawo, shi ma ya shiga siyasa, yana neman kansila, hotonsa a manne a jikin kowace kuka.

Ƙauyen da na tarar ba shi na bari ba. Kananzir ya yi wuya a birni, manyan motoci suna shigowa har bakin gonaki suna lodin itace. Masu gawayi sun zo da injin da yake kuka kamar ana yanka shi, bishiyar da Baba zai yi kwana biyu a kanta su kafin azahar sun kwantar. Dajin da muke shiga mu ɓace wa rana, yanzu kana tsaye a bakinsa kana hango wancan ƙauyen. Bayan rumbu kuwa duwatsun ne kawai suka rage, itacen ƙarshe ya tafi a kan limaminmu. Baba ya haura tamanin, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma inuwa-inuwa yake gani. Amma kafaɗun suna nan.

Ƙirya guda ta rage a duk yankin, a ƙarshen gonarsa, ta mutu a tsaye shekara biyu. Masu gawayi sun zo sun zo, ya kore su. Wata safiya cikin bazara, zafi tun kafin rana ta ɗaga, na fito daga madafi na ga alamar an tsoma kan gatari a kwatarniya, Baba kuma babu shi. Kafin hantsi aka kawo mini shi a amalanke, ƙafar hagu naɗe da rawaninsa, jini ya rine shi. Sara uku ya yi wa ƙiryar, na huɗu ya zame ya sauka a kan ƙafarsa. Allah ya taƙaita, ƙashi bai karye ba. Ina wanke ciwon ina faɗa, na ce, "Baba, me aka rasa a gidan nan? Itacen girki ga shi jibge." Ya bari sai da na gama, sannan ya ce, "Ba na girki ba ne, Uwata. Nawa ne. Na rufe mutanen garin nan kaf da ƙirya, ina so in ajiye nawa da hannuna kafin ruwa ya sauka."

Na ce ya daina irin wannan magana.

Washegari ƙanena ya zo a motar kamfen, lasifika a kanta. Ya duba ƙafar, ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, gatarin nan ya bar gidan nan yau. In ya kashe kansa fa? Kuma me za a ce, ina neman kujera ubana yana faskare a daji?" Na ce, "Kujerarka ta dame ka, ni ƙafarsa ta dame ni." Ya ce to ai magana ɗaya ce. Ya yi alkawari da an gama zaɓe zai turo masu inji su kayar da ƙiryar, a yanka yadda Baba yake so. Ba zan ɗora masa laifin ba, ko da yake na daɗe ina so in ɗora. Shi faɗa ya yi ya shiga mota. Ni na aikata.

Ranar Juma'a aka ɗauki Baba a babur zuwa masallaci. Na shiga ɗakinsa na ɗauko gatarin daga inda yake jingine a kan gadonsa. Da na so, da na ɗauke shi gaba ɗaya. Amma na kasa raba shi da ƙotar nan, sai na ce bari in kwaɓe. Ba kowa ya iya ba, wani sai ya tsaga kan ƙotar. A kifa shi, a bugi wutsiyar da ta leƙo ta baya da guntun itace, ba da dutse ba, a hankali, a hankali, har ruwan ya zame. Shi ya koya mini. Na naɗe ƙarfen a tsumma, na sa a cikin wata tsohuwar tukunyar Inna da ke kife a ƙarƙashin rumbu. Ƙotar na mayar inda take.

Da ya dawo ya miƙa hannu kamar yadda ya saba, ya ɗaga ta, hannunsa ya tafi sama fiye da yadda ya nufa saboda rashin nauyi. Ya shafa ramin da yatsa. Ya ce, "Uwata, ina ruwan?" Na ce, "Bakinsa ya lanƙwashe ran nan, na aika Rano a koɗa shi." Ya ce, "To, madalla."

Ƙarya ɗaya na yi niyyar yi, ta mako biyu, kafin ƙafar ta warke hankalinsa ya bar wurin. Ƙafa ta warke, hankali bai bari ba. Duk ranar kasuwar Rano, da yamma in mutane sun fara dawowa, sai ya ce, "Maƙerin bai gama ba?" In ce gawayi ne ya yi masa wuya. Wani makon in ce ba shi da lafiya. Wani makon in ce wanda na aika ya manta. Ni da ban taɓa ɓoye wa mutumin nan ko ɓarin man gyaɗa ba ina yarinya, ga ni da furfura ina ƙera masa ƙarya duk mako, ina kuma gyara ta.

Lokacin ko'ina maganar Shari'a ake, a rediyo, a bakin rijiya, wa za a yi wa bulala, wa za a yanke wa hannu. Wata rana da la'asar muna tsakar gida, rediyo tana ta bayani a kan hukuncin sata, Baba yana zaune da ƙotar a kan cinyarsa. Sai ya ce, "Uwata, tambayar mini malaman nan. Wanda ya ɗauki rabin gatari ya bar rabi, hannu za a yanke ko rabin hannu?" Ya yi 'yar dariya. Ni ma na yi, na tashi na shiga madafi na tsaya a cikin hayaƙi don a ce shi ya sa mini hawaye.

Za ku ce, ke da kika iya, me ya hana ki ɗauki gatarin ki je ki kayar masa da ƙiryar? Na tambayi kaina wannan ya fi a ƙirga. A lokacin na ce wa kaina zamani ya sake, masu wa'azi sun hana mata fita daji, ga ni gwauruwa, ga ƙanena yana takara, za a yi da mu. Duk gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Ni ban taɓa jin tsoron bakin mutane ba. Abin da ya hana ni, na kasa ɗaga gatari in sare itacen kabarin ubana yana zaune yana shan kunun da na dama. Gani nake in itacen ya iso bayan rumbu, shi ke nan, an share wa mutuwa hanya. Muddin ƙiryar tana tsaye, Baba ma yana nan. Haka na lissafa, ni mai wayo.

Ruwa ya sauka. Aka yi shuka, aka yi noman farko, aka yi maimai. Zaɓe kuma aka yi ta ɗaga shi, masu inji ba su zo ba. Baba ya daina tambayar maƙeri tun wajen tsakiyar damina, ni kuwa na yi murna, na ce ya manta. Yakan zauna a bakin zaure da ƙotar, yana dogara ta in zai tashi, ga ta gajeriya, sai ta sa ya duƙa. Kafaɗun nan suka fara zubewa. Cin abincinsa ya ragu. Ba ciwo, ba tari, kawai kamar wutar da aka janye wa itace.

Gero ya fara nuna, ranar wata Talata bayan an idar da sallar asuba, na kai masa koko na tarar ya koma ya kishingiɗa. Na kira, bai amsa ba.

Kafin rana ta yi tsawon mashi gida ya cika. Ana wanka a ɗaki, maza sun tafi haƙa. Sai a lokacin hankalina ya dawo jikina, na tuna babu itace. Na ratsa cikin mata na yi ƙarƙashin rumbu da rarrafe, na buɗe tukunyar. A raina na ce ƙarfen da ya kwana damina guda a ƙasa, tsatsa ta gama da shi.

Tsummana ba ya nan. Ruwan gatarin yana naɗe a cikin ƙyallen rawani, wanda aka ɗaure masa ƙafa da shi, na gane shi da tabon da bai fita ba. Na warware. Ƙarfen yana ƙyalli, an shafe shi da man kaɗe tun daga baki har wutsiya, man bai ma gama bushewa ba. Na gwada bakin a farcena, ya ɗebi farcen. An wasa shi.

Kun gane? Mutumin da ba ya gani ya lalube gidan nan har ya samo. Yaushe, ban sani ba, wataƙila ranakun da nake zuwa barka ko gaisuwa. Ba sau ɗaya ya zo wurin ba, don ƙarfe ba ya zama haka da shafa ɗaya. Ƙota tana hannunsa, ruwa yana hannunsa, bugu uku ya ishe shi ya haɗa su ya yi tafiyarsa gona. Sai ya naɗe, ya mayar, ya kife tukunyar yadda na kife ta. Ni na ɗauke, ni yake jira in kawo. Wata shida yana jira, ina kawo masa koko da labarin maƙeri.

Na ɗauko ƙotar daga gefen gadonsa, na zura ruwan, na buga a turmi ya zauna, na tsoma a kwatarniya. Na fita har zaure, ba mayafin kirki, mata suna kira na. Na tarar da ƙanena idonsa jawur. Na miƙa masa na ce, "Ƙiryar gona. A je yanzu." Ya dubi gatarin, ya dube ni, ya ce, "Yaya, ƙirya fa. Wa zai kayar da ita kafin azahar? Kabari ya kusa, malamai sun ce kada a jinkirta shi. An riga an saro." Na ce, "Me aka saro?" Ya ce rassan cediyar ƙofar masallaci.

Cediya. Ɗanya, mai farin ruwa, wadda yaro zai karya a gwiwa. Ina tsaye da gatari a hannu aka fito da makara ta gabana.

Damina ta gaba, bayan wani ruwa mai ƙarfi, ƙanena ya zo ya zauna a tsakar gida. Ya ce kabarin ya lotsa, amma sun ƙara ƙasa, sun gyara. Na ce Allah ya saka. Malamai sun gaya mini wannan ba ya cutar da mamaci, aikinsa ne rufinsa, kuma na yarda da su, Allah ya sa haka. Sai dai ni ba don hukunci nake kuka ba. Abu ɗaya mutumin nan ya roƙa a duk rayuwarsa. Ƙiryar kuwa, da aka raba gado gonar ta fita hannunmu, masu gawayi suka kwantar da ita da safe ɗaya, da sara ukun Baba a gindinta.

Yanzu ina gidan ɗana a cikin Rano. Da gas ake girki, wuta shuɗiya marar ƙamshi, tuwon ma in ka ci ba ka san da wane itace aka yi ba don babu. Itacen kabari an ce saye ake yi a bakin maƙabarta, ko katako, ko abin da aka samu, babu mai tambayar sunan bishiyar. Yaran yanzu in ka ce musu marke ko ƙirya sai su ce a ina garin yake. Ban ce zamaninsu ya fi namu muni ba, mata sun huta da hayaƙi, 'yan mata sun huta da gammo, na gani da idona.

Ni dai na kafa ɗan murhuna a bayan ɗaki, inda nake dama kununa da kaina, ina datse ƙirare da wata 'yar tsitaka. Hannuna ya fara rawa, na sani, ba sai an gaya mini ba. Watan jiya na nemi tsitakar na rasa. Matar ɗana ta ce, "Hajiya, maƙwabta ne suka ara, za su kawo." Tana faɗa tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Tana bayan duron ruwa, ƙarƙashin wani buhu. Kwana biyu ya ɗauke ni in gano. Ban taɓa ta ba, ban kuma ce komai ba. Yarinyar kirki ce, tsoro take ji, kuma babu wanda ya fi ni sanin irin wannan tsoron. Kullum da safe in ta yi sallama ta shigo mini da koko, kafin in amsa gaisuwarta sai na dubi ɗaya hannun nata.